Om 4, om 2 ko om 1: wane haɗin wufa ya dace da amfilifayar motarka?

Duk wanda ya je sayen kayan kiɗan mota, ko a Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas, lambar da ake fara nuna masa ita ce wadda aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali: wat 1500, wat 3000. Amma lambar da ke raba amfilifayar da za ta yi shekara da shekaru tana aiki da wadda za ta yi hayaƙi kafin wata ya mutu, 'yar ƙarama ce, tana maƙale kusa da alamar Ω. Ita ce om, wato ma'aunin tirjiyar da koyil ɗin wufa ke yi wa wuta. Wufa ita ce babbar sifikar da ke fitar da dukan ganga, koyil kuma naɗin wayar da ke cikinta. Om ya yi sama, wuta kaɗan ke wucewa. Om ya yi ƙasa, amfilifaya ta turo wuta mai yawa. Kamar injin ban-ruwa ne a fadama: ka faɗaɗa bakin tiyo ruwa ya ƙaru, amma injin ne zai ji a jikinsa.

Kowace amfilifaya tana da mafi ƙarancin om da masu ƙera ta suka yarje mata, kuma yana rubuce a takardarta. Idan ka ba ta om da ya haura wannan iyaka, ƙarfi kawai za ka rasa, babu abin da zai lalace. Idan ka ba ta wanda ya gaza iyakar, za ta yi zafi, fitilar PROTECT ta kama, kiɗa ya yanke. In ta rasa wannan kariya, ko kariyar ta makara, sai ka ji ƙauri.

Saboda haka mai son wufa a mota zaɓi uku ne a gabansa: ya haɗa ta tsaya a om 4, ko om 2, ko om 1.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, iyakar amfilifayar kanta, domin ita ce ba a jayayya da ita. Na biyu, wutar da motarka ke iya samarwa, wato altaneta da batir. Na uku, kuɗi, kuma ba kuɗin amfilifaya kaɗai nake nufi ba, har da waya da fiyus da batir da ladan mai wayarin. Farashin waɗannan kaya da dala yake tashi yana sauka, don haka gara ka lissafa yawan abin da kowane zaɓi zai tilasta maka saya. Na huɗu, zafi da ƙarko. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma but ɗin motar da ta wuni a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Na biyar, sauƙin haɗi da yadda kuskure ke saurin shiga. Na ƙarshe, wanda masu sayarwa ba su cika son a tayar ba, shi ne bambancin da kunne zai ji da gaske.

Wat ɗin da zan riƙa ambata duk RMS ne, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Wanda aka rubuta wa MAX ko PMPO ado ne na kwali. Idan kana shakkar amfilifaya, musamman ta hannu wadda ba takarda, duba fiyus ɗin jikinta. In biyu ne masu 25A, wato amfiya 25, jimilla 50A ke nan. Ka ninka da 13.8V ka samu wat 690, ka cire kashi 20 cikin 100 da ke tafiya a zafi, saura kusan wat 550. Ko da an rubuta 3000 a saman murfinta, iyakarta ke nan.

Yadda ake samun kowane om

Haɗi iri biyu ne. A siris, wayar ja ta fito daga amfilifaya ta shiga jan ƙafar koyil na farko, baƙar ƙafarsa ta tafi jan ƙafar na biyu, baƙar ƙafar na biyu ta koma amfilifaya. Nan tara om ake yi: 4 da 4 sun zama 8. A faralel kuwa, ja da ja ake haɗewa, baƙi da baƙi. In koyil ɗin iri ɗaya ne, sai ka raba om ɗin guda ɗaya da yawansu: biyu masu om 4 sun zama 2, huɗu sun zama 1.

Juya wufarka ka dubi bayanta. In ƙafa biyu ce kawai, ja da baƙa, koyil ɗaya gare ta, ita ake rubuta wa SVC. In ƙafa huɗu ce, biyu a wannan gefe biyu a wancan, koyil biyu gare ta, wato DVC, kuma lambar da aka rubuta ta kowane koyil ce shi kaɗai.

| Abin da kake da shi | Yadda aka haɗa | Om da amfilifaya za ta gani |
|---|---|---|
| SVC mai om 4, guda 1 | kai tsaye | 4 |
| SVC mai om 4, guda 2 | faralel / siris | 2 / 8 |
| DVC mai om 4, guda 1 | faralel / siris | 2 / 8 |
| DVC mai om 2, guda 1 | faralel / siris | 1 / 4 |
| DVC mai om 4, guda 2 | duka faralel | 1 |
| DVC mai om 4, guda 2 | koyil siris, wufa faralel | 4 |
| DVC mai om 2, guda 2 | koyil siris, wufa faralel | 2 |
| DVC mai om 2, guda 2 | duka faralel | 0.5 |

Ka lura da abin da teburin ke faɗa. Muddin duka koyil ɗin aka haɗa, DVC mai om 4 guda ɗaya ba za ta taɓa ba ka om 4 ko om 1 ba. Haka ma DVC mai om 4 guda biyu ba za su ba ka om 2 ba, duk yadda mai wayarin ya juya wayoyin. Shi ya sa nake ganin babban kuskure shi ne a fara sayen wufa don kyan fuskarta, daga baya a tafi neman amfilifaya. Sai ka san iyakar amfilifayarka da yawan wufar da but ɗinka zai ɗauka, sannan ka san irin koyil ɗin da za ka nema.

Don misalin ya zama na gaske, zan riƙa komawa ga Pioneer GM-D8701, amfilifaya ce mai canel ɗaya, wato hanyar fitar da sauti guda, kilas D, irin da ba ta ɓarar da wuta da yawa a zafi, wadda kamfanin ya rubuta mata wat 300 a om 4, wat 500 a om 2, wat 800 a om 1.

Om 4

Mutane sun raina shi, kuma raini ne marar dalili. Babu amfilifayar mota da om 4 ke yi wa nauyi. A wat 300, abin da za ta ja daga mota bai wuce 27A ba ko an ƙure ta, kuma kiɗa ba ya tsayawa a ƙure. Altanetar ƙaramar mota za ta ɗauke shi ba tare da an taɓa komai ba, waya geji 8 ta tagulla ta isa (geji ma'aunin kaurin waya ne), amfilifaya kuma takan tsaya da ɗumi-ɗumi ko an yi tafiyar Kano zuwa Kaduna ba a kashe ba. Ta fuskar ƙarko shi ne kan gaba. Ta fuskar haɗi ma haka: SVC ɗaya, waya biyu, an gama.

Illarsa ita ce ka sayi na'ura mai iya ba da wat 800 kana cin 300. In babbar wufa ce mai neman wat 600, to a om 4 sai ka sayi amfilifaya mafi girma da tsada kafin ka ƙosar da ita.

Akwai wanda om 4 ya zame wa dole: mai amfilifaya canel biyu ko huɗu da zai yi birij, wato ya haɗe canel biyu su zama ɗaya. A nan ne ake yawan asara. Takarda ta ce om 2 ga kowane canel, mutum ya ga haka ya ɗora wufa mai om 2 a birij. To a birij, kowane canel rabin om ɗin wufar yake gani. Om 4 a birij om 2 ne ga kowane canel, daidai iyaka. Om 2 a birij om 1 ne ga kowanne, an ƙetare iyaka ke nan. Yawancin irin waɗannan kuma kilas AB ne, waɗanda kusan rabin wutar da suka ja zafi take zama, tun kafin ka ƙara musu kaya.

Om 2

Wannan nake ba yawancin masu tambaya shawara a kai. Kusan duk amfilifaya mai canel ɗaya ta yarda da om 2, har da waɗanda ba su kai om 1 ba, irin Rockford Fosgate R500X1D mai wat 300 a om 4 da wat 500 a om 2, wadda a nan iyakarta ta tsaya. A wat 500, jan wuta kusan 45A ne a ƙure. Mota mai lafiyayyen batir da altaneta za ta jure, sai dai ka sa waya geji 4 don hankalinka ya kwanta, ko geji 8 in tagulla ce zalla kuma tazarar ba ta da tsawo. Hanyar samunsa ma mai sauƙi ce: DVC mai om 4 guda ɗaya a faralel, ko SVC biyu a faralel, kuma waɗannan su ne suka fi yawa a kasuwa.

In amfilifayar taka mai jure om 1 ce ka ajiye ta a om 2, ka bar mata wurin numfashi, kuma a zafin ƙasarmu wannan sarari yana da daraja. In kuwa om 2 ne iyakarta, to a bakin gaɓa take, sai ka kula da inda ka kafa ta. Kada a manna ta a ƙarƙashin kafet ko a kife ta, kada a jibga mata buhu a kai, kuma bayan hunturu a hure ƙurar da ta cika ramukan jikinta.

Tarkon om 2 yana jikin amfilifayar ne. Da yawa daga masu canel ɗaya suna da wurin ɗaura wayar sifika biyu, ja biyu baƙi biyu. Mutum sai ya ɗauka canel biyu ne, ya sa wufa mai om 2 a wannan, wata mai om 2 a wancan. Alhali a ciki a haɗe suke, an yi su ne don sauƙin ɗaura waya kawai. Abin da ya yi faralel ne, amfilifaya om 1 take gani, shi kuwa yana nan yana cewa ai a om 2 ya haɗa.

Om 1

Shi ne abin alfahari a bakin masu gasar kiɗa, kuma gaskiya ne a nan ake tatse duk abin da amfilifaya ke da shi. In ka auna wat nawa kowace naira ta saya maka a jikin amfilifayar kaɗai, om 1 ya fi araha. Sauran kuɗin yana ɓoye ne a gaban mota.

Wat 800 yana neman sama da 70A a ƙure. Altanetar yawancin ƙananan motoci tsakanin 70A da 120A take, kuma wannan sai inji na gudu. A cunkoso, mota na tsaye, ba ta kai haka. Daga ciki kuma AC da fankar lagireto da fitilu da famfon mai sun riga sun ɗebi rabonsu. Alamar da za ka gani da dare ita ce fitilar gaba tana lumshewa duk lokacin da ganga ta sauka. Wannan lumshewar wutar mota ce ke faɗuwa, kuma amfilifayar da ake matsa wa lamba alhali wuta ta yi mata ƙaranci takan fara fitar da sauti a yanke, mai kaushi, wanda ke dafa koyil. Maganinsa waya geji 4 ta gaske ko 1/0 wadda ta fi ta kauri, da sauya wayoyi uku na gaba da masu kauri: daga altaneta zuwa batir, daga baƙar ƙafar batir zuwa bodi, daga inji zuwa bodi. In abin ya haura wat 1000, sai an yi maganar babbar altaneta ko batir na biyu. Kafasita da ake tallata wa mutane tana ɗan cike gibin ƙiftawar ido ne, ba ta samar da wuta ko kaɗan.

A ɓangaren sifika ma lissafin ya canza. Wat 300 a om 4 na tura kusan 8.7A cikin wayar wufa. Wat 800 a om 1 na tura sama da 28A. Zafin da ke taruwa a waya da mahaɗa yana bin wannan lamba ne a ninke da kanta, don haka ya haura ninki goma. Mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, wadda za ta yi shekaru a om 4 ba a san da ita ba, a om 1 sai ta yi baƙi ta narke. Ko da waya da mahaɗa om 0.1 kawai suka ƙara, a om 4 asarar ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, a om 1 kuwa kashi 9 ce.

To me kunne zai samu bayan duk wannan ɗawainiya? Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma sai an ƙara wajen desibel 10 kafin mutum ya ce sauti ya ninka. Daga wat 500 zuwa 800 desibel 2 ne. Ana jin sa, amma kaɗan. Akwatin da aka yi daidai da girman da kamfanin wufar ya rubuta, da katako mai kauri, ba inda iska ke zurarewa, yakan kawo bambancin da ya fi wannan, kuma ba ya shan ko amfiya ɗaya daga batirinka. Ina jin takaicin ganin an kashe kuɗi a kan om 1 an zuba wufar a akwatin falange mai rawa.

Om 0.5 kuwa, in ba a rubuce yake a takardar amfilifayarka ba, kada ka kusance shi.

| | Om 4 | Om 2 | Om 1 |
|---|---|---|---|
| Ƙarfi a misalinmu | wat 300 | wat 500 | wat 800 |
| Jan wuta a ƙure | kusan 27A | kusan 45A | sama da 70A |
| Babbar waya | geji 8 | geji 4, ko 8 mai kyau | geji 4 ko 1/0 |
| Ƙarin kashe kuɗi | babu | kaɗan | mai yawa |
| Zafi | kaɗan | matsakaici | mai yawa |
| Haɗarin kuskure | kaɗan | matsakaici | babba |
| Birij | ya yi | yawanci a'a | a'a |

Abin da bai canzawa ko wanne ka zaɓa

Waya tukuna. A ma'aunin geji, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Kasuwa kuma cike take da wadda ake kira CCA, alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na abin da tagulla zalla ke ɗauka. Ka ce a yanka maka bakinta ka kankare sili ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce, kuma za ka ji ba ta da nauyi a hannu. Wata kuma roba ce ta yi kauri, silin ciki ɗan tsurut. Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin aikinsa kare wayar ne daga kama wuta in ta goge da bodi.

Kafin a ɗaura wayar wufa a amfilifaya, a sa mita mai auna om a bakin wayoyin biyu da suka fito daga akwati. Mita takan nuna ƙasa da lambar kwali, wannan daidai ne: haɗin om 4 zai nuna wajen 3.2 zuwa 3.6, na om 2 wajen 1.6 zuwa 1.8. In kana jiran 2 ka ga 0.8, a kwance a sake. Sannan ka taɓa ƙaramin batirin tocila mai 1.5V a wayoyin, ja a kan ƙafar mai alamar +. Duk wufar ta motsa waje tare. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya waya, kuma za su riƙa cinye sautin juna. In ɗaya daga koyil biyu na wufa ɗaya ne aka juya, da ƙyar za ta motsa, koyil ɗin kuwa yana can yana gasuwa.

Kada a haɗa koyil ɗaya a bar ɗaya a DVC don a samu om ɗin da ake so, ƙarfin da za ta iya ɗauka raguwa yake. Kada a gauraya wufa masu om daban-daban: a faralel mai ƙaramin om ce za ta sha yawancin wutar, a siris mai babban om. In siris ya zama dole, gara a yi shi tsakanin koyil biyu na wufa ɗaya, a haɗa wufa da wufa a faralel.

Abin murɗawar da aka rubuta wa GAIN kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. A cire wayar wufa, a sa sautin gwaji na 50Hz, a kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, a juya mita zuwa AC, a murɗa a hankali har ta nuna 34.6V in wat 300 ake nema a om 4, ko 31.6V don wat 500 a om 2, ko 28.3V don wat 800 a om 1. Nan za a tsaya.

Wa ya dace da wanne

Mai motar haya ko mai doguwar tafiya, wanda kiɗa ko karatu ke tashi tun safe har dare kuma ba ya son abin da zai taɓa masa batir, om 4 ne nasa: SVC ɗaya mai om 4, ko DVC mai om 2 a siris. Haka ma duk mai amfilifaya canel biyu ko huɗu da zai yi birij, da wanda ya sayi ta hannu bai san iyakarta ba.

Mai ƙaramar mota irin Corolla ko Civic ko Golf, da ke son ya ji duka a bayansa ba tare da ya sauya altaneta ba, ya nemi amfilifaya canel ɗaya kilas D mai wat 500 ko kusa da haka, ya tsaya a om 2. In wufa ɗaya ce, DVC mai om 4 a faralel. In biyu ce, SVC biyu masu om 4, ko DVC biyu masu om 2, koyil a siris wufa a faralel.

Wanda ke shirin farawa da wufa ɗaya ya ƙara ta biyu nan gaba, ya sayi amfilifaya mai jure om 1 tun yanzu da DVC mai om 4. Yau yana om 2. Ranar da ta biyu ta zo, yana da zaɓin om 1 in ya gyara wutar motar, ko om 4 in bai gyara ba.

Om 1 na mai babbar mota ne ko mai gasa, wanda takardar amfilifayarsa ta ambaci om 1 ƙarara, ya ware kuɗin waya da batir kafin na wufa, kuma yana da mai wayarin da ke aiki da mita. Wanda kuma ya riga ya sayi DVC biyu masu om 4 alhali amfilifayarsa a om 2 ta tsaya, ya haɗa su a om 4 ya yi haƙuri da wat ɗin da ya samu, ko ya sauya amfilifayar da mai jure om 1.